Tubalin Bai Bushe Ba

Asabar, 21 ga Satumba, bayan Magariba. Jega.

Mun iso. Mu bakwai ne, duk magina daga Dogon Dutsi, Baba Ummaru ne babbanmu. Da asuba muka taso, muka ƙetare iyaka da hantsi. Wani jami'i ya juya takardunmu ya ce, me zai kawo mutanen Nijar aikin gayya Nijeriya, ku da ruwa ya ci naku gidajen? Baba Ummaru ya ce masa, bara mutanen nan suka je mana, bana mu muka zo. Ya miƙo takardun muka wuce.

Alhaji Tukur, shugaban ƙungiyar agajin da ta gayyato mu, shi ya tarbe mu a tasha. Dogo ne, waya biyu a hannu, idonsa ja wur don gajiya. Ya ce gobe za a kai mu Gumbin Kure a ƙasar Maiyama, inda ambaliya ta kwantar da unguwa guda. Ci da wurin kwana nasu ne, aiki namu, lada kuma wurin Allah.

Wannan littafin na awo ne, a ciki nake rubuta tsawo da faɗin ɗaki. Rabona da buɗe shi wata goma sha uku ke nan. Na tsallake shafukan farko ban duba ba.

Matata Fa'iza ba ta fito ba da zan taho. Na tarar ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da gari a leda ta ajiye a bakin ƙofa. Na yi mata sallama daga tsakar gida. Kamar ta amsa, ban tabbata ba.

Lahadi, 22 ga Satumba, bayan La'asar. Gumbin Kure.

Unguwar gangare babu ita. Gidajen sun narke sun koma ƙasar da aka ɗebo su. Azara ta miƙe nan da can, ga tukwane a kife, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya. Abin da ya fi damuna wari: geron da ya jiƙe a rumbuna ya ruɓe, har ya fara tsiro.

Mutanen suna makarantar firamare, gida huɗu a aji ɗaya, an raba tsakani da zannuwa. Mai gari ya ba da fili a kan tudu. Za a fara da ɗaki ashirin, kowane magini da gidajensa. Ni an fara ba ni gidan Malam Hamidu, manomin albasa, mutum marar yawan magana. Ruwa ya tafi da irinsa da rumbunsa biyu.

Ya kai ni in gaida mahaifiyarsa, Inna Tasalla. Na same ta a bakin aji tana tsintar geron da bai lalace ba a faifai. Na durƙusa.

"Mi as sunanka, ɗan nan?"

"Haliru, Inna."

"Tun daga Nijar ka taho don ka yi muna ɗaki? Ba ka da aikin yi gida?"

Na ce akwai. Ta dube ni ta ce, "To, Allah shi biya ka. Ka yi mani ƙofa mai faɗi, gwiwata ba ta son matsi."

Akwai matar Hamidu da jariri a baya. Akwai kuma ɗiyarsu, Salima, ba ta wuce shekara biyar ba. Ban dube ta sosai ba.

Talata, 24 ga Satumba, bayan Azahar.

Mun fara buga tubali. Ƙasar wurin mai kyau ce, ja, tana da danƙo. Hamidu ke taka laka da ramno, wato yankakkiyar ciyawa, ni ina bugawa. Tun jiya mun yi ɗari uku da wani abu. Hannuna bai manta ba, wannan ya ba ni mamaki, kuma ban ji daɗinsa ba.

Sai dai sama a rufe take, iska ɗanya. A irin wannan yanayi tubali na son kwana takwas, ko goma. Na faɗa wa Alhaji Tukur da ya zo zagaye. Ya ce, "Allah ya ba mu rana, Malam Haliru," ya amsa waya ya wuce.

Laraba, 25 ga Satumba, da hantsi.

Babu rana. Na kira gida, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Alhamis, 26 ga Satumba, bayan Magariba.

Amai da gudawa sun shiga makaranta. Rijiyar can ruwa ya rufe ta, masai guda biyu ne ga mutum sama da ɗari biyu. Tun jiya an kwashi mutum shida zuwa Maiyama. Yau da safe yaro ɗaya ya rasu a aji uku. Mutum guda ne ya ɗauko shi a hannu, cikin tabarma. Na tsaya a sahun baya aka yi salla. Ban bi su maƙabarta ba. Na ce cikina ne.

Da la'asar Alhaji Tukur ya tara mu magina a gindin darbejiya. Ya ce jibi Asabar za a fara gini.

Na ce, "Alhaji, tubalin kwana huɗu ne kawai. Bai bushe ba."

"Na sani," in ji shi. "Ka ga abin da aka ɗauka yau? In na bar su can mako biyu, nawa zan ɗauka? Ga shugaban makaranta yana son azuzuwansa, ga waɗanda suka ba da kwanon rufi suna son ganin ɗakuna tsaye ranar Juma'a ta sama, in ba haka ba su kai sauran wani gari. Ka faɗa mini abin da zan yi."

Ba mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya fi mini sauƙi.

Baba Ummaru ya ce damina ta kusa ɗaukewa, in an yi ginin a hankali zai bushe a tsaye. Kowa ya ce haka ne. Da muka tashi ya riƙo hannun rigata ya ce a hankali, "Haliru, nan ba Dutsi ba na. Kada ka ɗauko wancan ka kawo nan."

Na ce to, Baba.

Asabar, 28 ga Satumba, bayan La'asar.

Mun fara. Na ja igiya, na haƙa tushe, ƙasan ramin yana tsattsafo da ruwa. Na ɗauki tubali na danna farce, ya shige. Na fasa ɗaya gida biyu: bayansa fari, cikinsa baƙi kamar hanta. Na jefar da shi bayan tari kada Hamidu ya gani.

Na jera layi shida. Gini yana tafiya daidai, babu karkata. Duk wanda ya wuce sai ya ce ɗan Nijar ya iya aiki.

Tubalin bai bushe ba.

Litinin, 30 ga Satumba, bayan Azahar.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Yau rana ta ɗan fito. Bango ya kai kafaɗa, ya fara yin inuwa. Inna Tasalla ta lallaɓo da sanda don ta ga ɗakinta, jikarta na biye. Ina sama kan katako, na juyo in karɓi laka, sai na ga yarinyar ta zauna a gindin bangon gabas, ta jingina bayanta da shi, tana jera ƙwallayen goruba.

Ban san lokacin da na diro ba. An ce na yi ihu har maginan ɗaki na huɗu suka ji. Na fizgo ta da hannu ɗaya na jefa ta gefe, ta faɗi ta kuje gwiwa. Ina ta faɗa, ban san me nake cewa ba. Hamidu ya tsaya da kwanon laka a ka yana kallona. Yarinyar ko kuka ba ta yi ba sai da uwar ta zo ta ɗauke ta.

Na ba Hamidu haƙuri. Ya ce ba komai, amma bai dube ni ba.

Inna Tasalla ba ta motsa daga inda take ba. Da kowa ya koma aiki ta yafito ni.

"Ɗan nan, wa bango yac ci maka?"

Na ce rana ce ta buge ni, Inna.

"Rana," in ji ta. Ta dafa sandarta ta tafi.

Talata, 1 ga Oktoba, bayan Asuba.

An ƙara kwasar mutum huɗu. Na kira gida sau biyu. Ƙuli-ƙulin ya ƙare, ledar na cikin aljihuna, ban san dalili ba.

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan La'asar.

An ɗora azara, an buga kwano. Da nauyi ya hau, bangon gabas ya yi ciki. Kaɗan ne, sai wanda ya sani zai gani. Na sa igiya, yatsa biyu ya fita. Ga kuma tsaga siririya daga ƙasan taga har tushe. Na sa tsinke a ciki, ya fito da laima.

Na kirawo Baba Ummaru. Ya duba, ya shafa. Sannan ya ce, "A yaɓe shi. In an kai rani sai a tokare shi ta waje."

"Baba, gabas ne. Ta nan ruwa ke bugowa."

"Ruwa nawa ya rage? Ɗaya, ko biyu."

"Ɗaya ya isa."

Ya kau da kai. Ya san abin da nake nufi, shi ya yi mini tsaye wancan karon har aka gama kwashe ƙasa.

Na yaɓe shi. Ya yi sumul, ya fi na kowa kyau. Matar Hamidu ta zo ta share ciki, ta nuna inda za ta shimfiɗa wa yara tabarma. Gindin bangon gabas, don nan ne babu ƙofa. Jibi Juma'a za su tare.

Alhamis, 3 ga Oktoba, bayan Magariba.

Na rushe shi.

Da hantsi ne. Na je in gyara dokin ƙofa, sai na tarar an riga an kawo tabarmar an jingine. Ƙarama, mai ja da kore. Na fitar da ita waje. Na hau na cire kwanon gefen gabas ɗaya bayan ɗaya, na sauke azara, na ɗauki diga. Sara uku kawai na yi, rabin bangon ya zo ƙasa gaba ɗaya, ba tare da wata ƙara mai yawa ba. Haka yake yi. Mutane suna zaton yana da ƙara.

Kafin in juya gari ya taru. Hamidu ya keto mutane ya shaƙe mini wuyan riga.

"Mi na yi maka? Mi muka yi maka?"

Na ɗebo cikin tubalin na matse a hannu, ya dunƙule kamar tuwo, na nuna masa. Na ce, "Duba. Ɗanye na. Nan za ta kwana."

Ya duba. Ya ce, "To, sauran sha taran fa? Su da dutse aka yi su? Uwata na kwana kusa da masu zawo yau kwana ashirin, gobe za ta fita, kai ka taho daga wata ƙasa ka maishe ta!" Ya mare ni. Ban kare ba. Mutane suka raba mu.

Na ji wani yana cewa ɗan Nijar ɗin nan ba shi da lafiyar kai, shi ne ya jefar da yarinya rannan. Abokan tafiyata sun sunkuyar da kai. Baba Ummaru ya je ya durƙusa gaban mai gari yana ba da haƙuri, tsoho da furfurarsa, saboda ni.

Alhaji Tukur ya iso bayan Azahar. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki tubalin ya murza, ya goge hannunsa a jikin mota.

"Ko da gaskiyarka, da ka zo mun yi magana."

"Na yi magana, Alhaji."

"Ka yi," in ji shi. "Daga yau kada ka ƙara taɓa gini a nan. Ka bi mota zuwa Aliero, akwai lodin kwano da katako."

Na roƙe shi abu ɗaya, ya bar ni in buga sabon tubali kafin in tafi. Ya ce ƙasa ta Allah ce. Na buga ɗari da sittin kafin rana ta faɗi. Ni na taka, ni na buga. Babu wanda ya zo kusa.

Juma'a, 4 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a.

Gida goma sha tara sun tare. Baƙi sun zo da motoci biyu, an yi addu'a, an ɗauki hoto. An ja zana an kewaye namu kada a gani. Iyalin Hamidu suna makaranta, su da waɗanda ke jiran zagaye na biyu.

Na ƙara buga ɗari da arba'in da safe. Motar Aliero na jira.

Lahadi, 6 ga Oktoba, da hantsi.

Jiya da la'asar ina Aliero ina lodi, hadari ya haɗu ta gabas. Na ajiye katako na tsaya ina kallo. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, da iska, wajen awa ɗaya da rabi. Ban iya cin abinci ba. Da aka idar da Asuba na hau mashin ɗan kabu-kabu zuwa Gumbin Kure, hanya duk taɓo, sau biyu muna sauka mu tura.

Na zaga su duka, ɗaya bayan ɗaya. Goma sha tara. Yaɓe ya zube a uku, ɗaya ya yi tsaga a kusurwa. Babu wanda ya faɗi. Mata suna shanya, hayaƙi na tashi, wani yana ɗaure akuya.

Na gode wa Allah. Wallahi na gode masa. Ban san abin da zan yi da wannan ba.

Tubalina kuwa wani ya lulluɓe shi da tsohuwar tamfol kafin ruwan. Na tambaya, ba wanda ya ce shi ne.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan Azahar. Aliero.

Direban motar kwano ya dawo da labari. Inna Tasalla ta kamu tun jiya. An ɗauke ta a keke napep zuwa Maiyama.

Kwana huɗu. Da tana ɗakinta kwana huɗu ke nan.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan La'asar. Maiyama.

Na je. An kafa rumfa a harabar asibiti saboda yawan masu cutar, ana wanke hannu da ruwan magani kafin a shiga. Hamidu ya tafi neman abin da aka rubuta masa, don haka ban haɗu da shi ba. Ma'aikaciyar ta ce minti biyar.

Ta ƙanƙance. Idanunta sun faɗa, ana yi mata ƙarin ruwa a hannu biyu. Na durƙusa a gefen gadon na ce, Inna, Haliru ne, ki yafe mini.

"Mai rushe ɗaki," in ji ta. Muryar kamar daga cikin rijiya. "Ba ka ba ni amsa ba rannan."

Sai na faɗa mata. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko a littafin nan.

Na ce ɗiyata ce, sunanta Ummi. Shekararta huɗu. Bara cikin Agusta na ƙara ɗaki a gidana, na yi shi cikin kwana tara saboda ana jirana da wani aiki a Yamai. Na fasa tubalin na ga cikinsa. Na ce in damina ta wuce zan tokare shi. Ranar ana ruwa da azahar, uwarta na madafa, ita tana barci a ciki. Ni ina Yamai ina gina wa wani bene. Da na dawo kowa ya ce ruwa ne, gidaje nawa suka faɗi a garin. Ni ma na ce ruwa ne.

Ta daɗe idonta a rufe, har na zaci ta yi barci.

"Ka faɗa ma uwatta?"

"A'a, Inna."

"Sai ni ka zaɓa, don ka ga ina kan hanya." Kamar ta so ta yi dariya. "Tashi ka ba ni wuri. Ka tahi ka yi ma yaran ga ɗaki. Kada ka yi gaggawa."

Ban ji ta ce ta yafe ba. Ban kuma ji ta ce ba ta yafe ba. Ma'aikaciyar ta taɓa kafaɗata.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da hantsi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna Tasalla ta rasu bayan Asuba.

Alhamis ɗin dai, bayan La'asar.

Wannan karon na bi su har maƙabarta. Na tsaya nesa. Da aka zo jera itace da laka, mai yi ya kasa, wani ya ce a kirawo magini. Ba wanda ya dubi inda nake. Baba Ummaru ya shiga ya yi.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan Azahar.

Mutanenmu sun gama zagaye na biyu gobe za su koma. Baba Ummaru ya ce in haɗa kayana. Na ce ina da sauran aiki.

"Alhaji ya hana ka."

"Zan roƙe shi."

Na sami Alhaji Tukur a Jega, a shagon da suka mayar ofis. Ya rame. Ya ce mutum biyar aka rasa gaba ɗaya, ya lissafa mini sunayensu ba tare da ya duba takarda ba. Na ce ya bar ni in ƙarasa ɗakin Hamidu. Ya ce ba shi ke da izinin ba yanzu, in tambayi mai ɗakin.

Na je makaranta na yi sallama. Hamidu yana zaman makoki a kan tabarma da mutum uku. Na yi gaisuwa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya dubi ƙasa ya ce, "Yi abin da kaka so. Ka saba."

Na fasa tubali ɗaya. Fari har ciki. Na fasa na biyu, na uku. Na buga biyu da juna, suka yi ƙara kamar kasko.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan Magariba.

Kwana uku ina yi ni kaɗai. Na kwashe duk bangon gabas da rabin na kudu har tushe. Na zurfafa ramin, na zuba tsakuwa da na ɗebo daga bakin hanya da baro. Layi uku kawai nake jerawa a yini, in bar shi ya sha iska. Masu wucewa sun daina tsayawa kallo. A masallaci ana amsa gaisuwata, shi ke nan.

Yau da hantsi ina kwaɓa laka sai ga ƙafafu sun shigo cikin ramin. Hamidu ne, ya naɗe wando. Ya taka har Azahar. Ya miƙo, na karɓa, ya miƙo, na karɓa. Kalma ɗaya ba ta shiga tsakaninmu ba, sai "ruwa" da ya ce sau ɗaya.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan Asuba.

Na kira gida. Fa'iza ta ɗauka.

Ina jin zakara a bayanta, na gane namu ne.

"An gama yankan gero," in ji ta. "Yayanka ya kawo muna dami shida."

Na ce madalla. Na ce, "Fa'iza, akwai maganar da ban faɗa maki ba. Kan ɗakin nan."

"Ba a waya ba."

"Ki bari in faɗa, in na bari ba zan iya ba."

"Haliru, ni ke share gindin bangon nan kullum. Kullum tsintsiyata na fitowa da laima. Kana zaton kai kaɗai ka sani? Ni na shimfiɗa mata tabarma a wurin."

Wata goma sha huɗu muna gida ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda. Na kira sunanta, ta ce hura wuta za ta yi, ta kashe.

Asabar, 19 ga Oktoba, bayan La'asar.

An gama. Igiya ta sauka daidai ta kowane gefe. Na yaɓe waje da makuba, ɓawon ɗorawar da ke hana ruwa cin bango, Hamidu ya samo ta wurin wani surukinsa a Kuberi. Ƙofar mai faɗi ce, kamar yadda aka ce in yi. Da za mu kafa ta Hamidu ya tsaya yana dubanta, ya fita ya daɗe bai dawo ba.

Sun tare da la'asar. Kayan ba su cika baro biyu ba. Su ne na ƙarshe da suka bar makaranta. Matarsa ta aiko mini da fura. Salima ta hango ni ta ɓuya bayan uwarta. Gwiwar ta warke, ta bar tabo.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da hantsi. Tashar Jega.

Na fito da jakata zan nemi mashin, sai na tarar da Hamidu a bakin hanya a kan na ƙaninsa. Ya ce hau. Mun wuce fadama, mutane sun fara gyaran bedin albasa, inda ake yafa iri. Nasa filin har yanzu yashi ne.

A tasha na sauka na miƙa masa hannu. Ya karɓa, bai saki da wuri ba.

"Wanga zai tsaya?"

Na ce, "Na yi iyakar abin da na sani. Sauran na Allah ne."

"Wancan fa? Da ka bar shi, da ya faɗi?"

Na so in ce e. Na ga yana so in ce e, don shi ma ya samu abin riƙewa. Na ce, "Ban sani ba, Malam Hamidu. Har in mutu ba zan sani ba."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi motocin da ke lodi, ya dubi ƙasa.

"Ban yahe maka ba tukuna," in ji shi. "Ina roƙon Allah shi ba ni iko. Amma jiya yaran sun kwana, ni ma na kwana, ban tashi na taɓa bango ba." Ya tayar da mashin. "Ka gaida gida."

Na tsaya har ya shige cikin masu keke napep ban ƙara ganinsa ba. Motar Birnin Kebbi saura mutum biyu ta cika.